Dalilan Haɗa Ƙafar Tarawa ta Batir da Jikin Mota a Tsofaffin Motoci

A wannan darasi za a yi nazarin wani tsari na wayarin mota wanda aka daina amfani da shi, tare da dalilan da suka kawo shi da waɗanda suka kawar da shi.

Kowane batir yana da ƙafa biyu: mai alamar tarawa (+) da mai alamar ɗebewa (−). Lantarki ba ya aiki sai ya sami hanyar fita da ta komawa. Maimakon a ja waya biyu zuwa kowace fitila, sai masu ƙera motoci suka ja guda ɗaya, suka mayar da ƙarfen jikin motar hanyar komawa, wato suka ɗaure ƙafa ɗaya ta batir a jikinsa. Turawa suna kiran wannan mahaɗa da kalmar da ke nufin "ƙasa", alhali motar a kan tayoyin roba take tsaye. Sunan gado ne daga aikin wayar tangaraho, inda ƙasa ta zahiri ce hanyar komawar lantarki.

A motocin yau ƙafar ɗebewa ake ɗaurewa. Amma kamfanonin Ford da Chrysler na Amurka ƙafar tarawa suka riƙa ɗaurewa har zuwa 1955, a zamanin batir mai bolt 6. Haka kuma akasarin motocin Ingila irin su Austin da Morris da MG da Land Rover, har cikin shekarun 1960.

Babban dalilin da ake bayarwa shi ne cin ƙarfe. Wayoyin wancan zamani da zaren auduga da roba ake naɗe su. Idan suka tsufa, ko laima ta shige su, sai lantarki ya riƙa yoyo kaɗan-kaɗan tsakanin waya da jikin mota. A duk inda ƙarfe biyu suka haɗu da danshi, lantarki yana ratsawa tsakaninsu, wanda yake ɓangaren tarawa shi ne yake zaizayewa, na ɓangaren ɗebewa kuwa ya tsira. Ke nan idan jikin mota ne a ɓangaren tarawa, asarar za ta faɗa kan ƙarfe mai kauri da faɗi wanda ba zai ji ta ba, siririyar wayar jan ƙarfe kuma ta daɗe ba ta tsinke ba. Injiniyoyin tarho sun riga masu motoci gano wannan, domin wayoyinsu a cikin ƙasa mai danshi suke kwana. Har yanzu na'urorin tarho masu aiki da bolt 48 ƙafar tarawa ake haɗa musu da ƙasa.

Dalili na biyu ya shafi fulogi. Tsinken tsakiyar fulogi ya fi na gefe zafi, ƙarfe mai zafi kuwa ya fi saurin sakin ƙwayoyin lantarki, don haka tartsatsi ya fi sauƙin tashi idan tsinken tsakiya yana ɓangaren ɗebewa. Wannan gaskiya ne, sai dai hujjar ba ta da ƙarfi sosai, domin yadda aka haɗa kwayil shi ke tabbatar da hakan, ko wace ƙafa aka ɗaure.

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa motocin Chevrolet na wannan zamanin ƙafar ɗebewa aka ɗaure musu, kuma sun yi aiki lafiya. Fitila da ham ba ruwansu da inda lantarki ya fito. Ita ma dainamo, wadda ke cajin batir a lokacin, ana iya juya mata alƙibla cikin ɗan lokaci. Saboda haka kowane kamfani ya bi abin da injiniyoyinsa suka saba da shi.

Abin da ya kawo ƙarshen tsarin shi ne zuwan kayayyakin da ba su yarda da juyi. A 1956 Ford da Chrysler suka koma batir mai bolt 12, suka kuma sauya ƙafa. A 1960 Chrysler ya sa altaneta a motarsa Valiant a madadin dainamo. A cikin altaneta akwai dayod, wadda ke barin lantarki ya wuce ta fuska ɗaya tak. Haka ma taransistocin rediyon mota. Masu ƙera waɗannan kaya suna buƙatar tsari ɗaya da kowa zai bi, ga shi kuma rufin filastik ya rage matsalar yoyo. Ingila ta biyo baya sannu a hankali: Land Rover da MG sun sauya a 1967.

Bakaniken da aka kawo wa tsohuwar Land Rover, irin waɗanda suka yi zirga-zirga a Arewa kafin 1967, wajibi ne ya fara bin wayar batir da ido ya ga ƙafar da ke jikin ƙarfe. Idan ya sa mata rediyon zamani bisa sabo, nan take zai ƙone. Idan kuma za a tayar da ita da batirin wata mota, tarawa da tarawa ake haɗawa, ɗebewa da ɗebewa, kuma kada jikin motocin biyu ya taɓa juna.