Kaifi Kaɗai Ba Ya Isa: Tunatarwa ga Masu Riƙe Aska

 Ƙorafin da na fi ji a bakin masu zuwa aski shi ne: "Askar tana ci, amma akwai zafi." Mutum ya tashi fuska na yi masa raɗaɗi, bayan kwana biyu ƙuraje su feso a wuya. Sai mu wanzamai mu ce fatarsa ce ba ta son aski, alhali wani lokaci matsalar daga wajen wasa aska ta taso.

Aska tana iya tsinke gashi amma bakinta cike da ƙananan haƙora irin na zarto, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke kartar fata. Aikin mai wasa shi ne ya shafe su daki-daki, daga dutse mai kaushi zuwa mai santsi. Duwatsun ruwa irin na Japan suna zuwa da lamba: 1000 na fitar da baki, 4000 da 8000 na goge zanen da na farko ya bari, 12000 kuma na gamawa. Wanzaman Turai sun daɗe suna yabon wani dutse mai ruwan ɗorawa na ƙasar Beljiyam saboda laushin bakin da yake bayarwa. Wanda ya gaji dutsensa daga mahaifi ma, ƙa'idar ɗaya ce.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne dutsen farko. Idan gefe biyu na bakin askar ba su haɗu ba tun daga gindin aska har tsininta, ko ka wuni a kan dutse mai santsi ƙyalli kawai za ka samu. Ga gwaji mai sauƙi: ka shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a bakin askar, ka ja ta kaɗan a kan dutse, ka duba. Duk inda tawada ta rage, dutse bai taɓa wurin ba. Kada ka wuce wannan mataki sai askar ta aske gashin hannunka a kowane sashe nata.

Kwantar da askar shimfiɗe, baya da baki duk suna taɓa dutse, domin kaurin bayan shi ke tsayar da karkatar bakin. Baki ne ke gaba, ana ja a karkace, kuma a kan bayanta ake juya ta. Yayin da kake matsawa zuwa dutse mai santsi, sassauta hannu har ya zama nauyin askar kaɗai ke aiki. Dannawa da yawan wasa suna sa bakin ya yi siriri fiye da kima, ya lanƙwashe ko ya ɓalle a tsakiyar aski. Dutsen da ya yi kwarmi kuma a daidaita shi da samfefa a kan gilashi.

Bayan dutse sai a goga askar a kan fatar wasa aska, inda abin juyawa yake yi: baya ne ke gaba. A ɗaure fatar ta miƙe sosai, don wadda ta saki tana dakusar da baki.

Sannan a tuna, dutse da fata ba sa kashe ƙwayar cuta. Ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suna bin jinin da ya maƙale a ƙarfe. A wanke aska, a tafasa ta, a busar kafin ta hau kan wani. Kan mutane da wuyansu amana ne a hannunmu, mu ba aska lokacinta kafin mu ce wa kowa ya zauna.