Labarin Ƙasa: Lasalgaon, Garin Albasa

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, kadan aka ba ku darasi a kan ƙasar Indiya, kada ku tsaya ga manyan birane kaɗai. Ƙaramin gari yakan koya wa yara abin da birni ba ya koya musu. Ga wani na kawo muku, sunansa Lasalgaon.

Ku buɗe taswira, ku sami Mumbai, wadda a dā ake kira Bombay, a bakin teku wajen yamma. Ku bi da yatsa arewa maso gabas, ku haye duwatsun Ghat, ku kai Nashik. Daga Nashik saura kamar mil 36. Garin yana cikin jihar Maharashtra, harshen mutanensa Marathi ne, albasa kuwa “kanda” suke ce mata. A ƙidayar 2011 mutanensa ba su kai 20,000 ba, amma ana lissafta kasuwarsu ita ce babbar kasuwar albasa a Asiya duka.

Ƙaƙa ƙaramin wuri ya sami wannan suna? Da fari dai duwatsun nan suna tare yawancin ruwan damina da ke fitowa daga teku, watau bayansu ruwa ba ya yin yawa, albasa kuwa ba ta son laima. Sa'an nan a shekarun 1860 aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Bombay zuwa Bhusawal, ta bi ta nan, aka yi tasha. Noma ba hanya wahala ce kawai, amma da jirgi ya zo sai kaya suka sami mafita. A 1947 aka kafa kwamitin kasuwa mai lura da ciniki da awo. Manoma suna kawo albasa a tarakta da ƙananan motoci, 'yan kasuwa su kewaye, a yi gwanjo a fili, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Da kwintal ake awo, watau kilo 100. Daga nan jirgi da manyan motoci su kai ta Delhi da Kolkata, wata kuma a fitar zuwa Bangladash da Sri Lanka da Malesiya.

Sau uku ake girbi a shekara. Ta damina da mai bi mata suna da ruwa a jiki, ba su jimre ajiya, tilas a sayar nan da nan. Ta rani, wadda ake cirewa wajen Afrilu da Mayu, ita ce ake zubawa a rumbun gora mai shan iska, a riƙa ci har wajen Oktoba. To, a nan wahalar take. In ruwa ya ɓata ta damina, rumbu kuma ya ƙare, sai tsada ta tashi, talakan birni ya yi kuka, gama a Indiya ba a ɗora tukunya sai da albasa. A 1998 tsadarta tana cikin abin da ya kayar da gwamnatin jihar Delhi a zaɓe. Tun daga nan masu mulki suke tsoronta. A watan Agusta 2023 gwamnati ta aza harajin kashi 40 cikin ɗari a kan wadda ake fitarwa waje, 'yan kasuwar Nashik suka rufe gwanjo don fushi. A Disamba aka hana fitarwa, ba a buɗe ba sai Mayu 2024. Mai saye ya ji sauƙi, amma manomin da ya yi hasara shekarar araha, ga ta tsada ta zo an ɗaure masa hannu. Ni dai a ganina an fi jin kukan birni don yana kusa da kunnen hukuma.

Ranar darasin ku je aji da albasa biyu, ɗanya da busasshiya, ku yanka, yara su taɓa su ga wadda za ta kai watanni a rumbu.