Ranar da aka sallami marar lafiya

Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa, kuma babu ranar da take tayar mini da hankali kamar ranar sallama. 'Yan uwa sun zo da murna, ana ta alhamdulillahi. Muryoyin da marar lafiyan yake ji sun yi shiru, yana barci, yana gane kowa. Ni kuwa a lokacin nake ƙara sa masa ido.

Akwai wani saurayi da muka yi jinya, ɗalibi ne kafin ciwon ya kama shi. Bayan wata uku ya dawo karɓar magani tare da yayansa. Yayan ya ce, "Sista, ai ya warke sumul, sai dai ya zama shiru-shiru." Da muka keɓe na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji sauƙi, amma me zan yi da sauƙin? Sa'o'ina sun gama makaranta, yarinyar da nake nema an ba wani, yara suna nuna ni a layi. Ni dai kaya ne a gidanmu."

Wannan ita ce karayar zuciya. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Jerome Frank, ya yi rubutu a kanta sosai a shekarun 1970: mutum ya ga babu dabarar da ta rage masa, kuma babu mai iya fitar da shi. Ta bambanta da ciwon damuwa. Mai ciwon damuwa ko abincin da ya fi so aka kawo masa ba ya jin daɗinsa. Wanda zuciyarsa ta karaya yakan ci, yakan yi dariya in an yi raha, amma da ka ambaci gobe sai ya yi shiru. Shi ya sa gida ba ya ganewa da wuri.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, sau da yawa dawowar hankali ce ke buɗe wannan ƙofa, domin sai mutum ya farfaɗo yake ƙirga abin da ya rasa. Masu bincike sun daɗe da tabbatar da cewa makonnin farko bayan sallama suna cikin lokutan da haɗarin kashe kai ya fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara.

A wurinmu kuma ga shiru. Mutum na tsoron a ce imaninsa ya yi rauni, ga sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewacin Najeriya da ya mai da yunƙurin kashe kai laifi. Gana ta soke irin wannan doka a 2023, kuma a ganina mu ma ya kamata mu soke, don wanda ke tsoron ɗan sanda ba zai faɗa wa ma'aikaciyar jinya gaskiya ba.

Idan ɗan uwanku ya fara cewa "gara babu ni" ko "kun kusa hutawa da ni", kada ku tare shi da wa'azi tun bai gama magana ba. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ajiyar zuciya yake yi. Ku kawar da maganin ƙwari daga gida, wani babba ya riƙe magungunansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawo mana shi a ranar ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba.

Shi wannan saurayi, ban ƙara masa ƙwaya ba. Likita ya duba shi, muka riƙa ganinsa duk mako, na kuma roƙi yayansa ya ba shi gurbi a shagonsa na gyaran waya. Zuwansa na huɗu ya karɓi wayata ya ce, "Sista, gilashin nan ya tsage, ki kawo ranar Asabar in canza miki."