Yadda Ake Gano Maganin Barci a Fitsari

Wata mai sauraronmu daga Zariya ce ta tambaya: shin likita zai iya gane mutum ya sha maganin barci ta hanyar gwada fitsarinsa?

To, Malama, ƙwarai kuwa. Hanta ce ke sarrafa maganin, ƙoda kuma ta zubo ragowarsa cikin fitsari, wannan ragowar ake farauta. Wanda ya sha Valium, alal misali, oxazepam da nordiazepam za a tarar.

Da fari ana tsoma ɗan tsinken gwaji, cikin minti 5 a duba. Abin mamaki, layi biyu na nufin babu, layi ɗaya kuma akwai. Sai dai tsinken nan ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari: magunguna irin su lorazepam da clonazepam kan kuɓuce masa, maganin damuwa sertraline kuma kan sa ya yi wa mutum ƙazafi. Shi ya sa ake kai fitsarin ga na'urar GC-MS ko LC-MS, mai rarrabe sinadarai ta auna nauyin kowanne, ta faɗi sunansa.

Valium kan kai kwana 10 ana ganinsa, amma GHB, wani maganin sa barci, awa 12 ya ɓace. Don haka idan ana zargin an zuba wa wani abu a lemo, a garzaya asibiti tun kafin ya kama ruwa.