Yi wa iyaye tafinta na cutar da yaro?

Wata mai sauraronmu daga Rano ta ce 'yarta ce ke karanta mata saƙon banki da takardar magani na Turanci, shin hakan zai cutar da yarinyar?

To Hajiya, kwantar da hankalinki. Farfesa Marjorie Orellana ta nazarci yaran da ke yi wa iyayensu masu jin Sifaniyanci tafinta a Amurka. Binciken da ita da abokan aikinta suka wallafa a 2007 kan ɗaliban Chicago ya nuna waɗanda suka fi yin tafintar sun fi samun maki a jarrabawar karatu. Sai dai maganar asibiti ta fi ƙarfin yaro, kuskure kaɗan kan jawo ɓarna. Nan kam, ki nemi ma'aikacin lafiya ya yi miki bayani da Hausa.