Filin Goggo: Maigida Ya Daina Shan Ruwan Gidansa

 Ruwan famfo sau biyu yake zuwa unguwarmu a mako, in ya zo kuma bokitin farko ja wur yake, wani lokaci har da warin magani. Kwanan baya wani mai talla ya je shagon maigidana, ya tsoma wasu ƙarafa masu wayar lantarki a kofin ruwanmu, nan take ruwan ya yi baƙi ya taso da kumfa. Ya tsoma a ruwan da ya zo da shi, ko gezau. Tun ranar maigida ya daina shan ruwan gida. Yanzu ya dage sai ya sayi injin da ke mayar da ruwa tururi ya sake dawo da shi ruwa, alhali kuɗin makarantar yara bai cika ba. Surukata kuma ta ce duk iyayi ne, su ruwan tafki suka sha har suka tsufa. Yaranmu huɗu, autan watansa takwas, kuma sau biyu yana gudawa a daminar nan. Maganar wa zan bi?
Uwargida daga Zariya

'Yata, Allah ya ba auta lafiya, ya raya miki su duka.

Bari in fara da mai tallan nan, don shi ne ya hana gidanki barci. Baƙin da maigida ya gani a kofi daga jikin ƙarfen ya fito. Ruwan sha na yau da kullum yana ɗauke da ɗan gishirin ƙasa wanda ido ba ya gani, shi ke ba lantarki hanyar wucewa, da lantarki ya wuce sai sandar ƙarfen ta fara narkewa tana zubar da tsatsa. Nasa ruwan an cire masa gishirin ne, shi ya sa ya kwanta lafiya. In ya dawo, maigida ya barbaɗa gishirin miya kan ɗan yatsa a cikin ruwan nasa, ya ce ya sake tsomawa. A gabansa zai yi baƙi. Ruwan gora mai tsada ma haka zai yi. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, ƙarfen nan ba ya ganin ƙwayar cuta ko ɗaya, ita ce kuwa ke sa ɗanki gudawa.

Shi injin tururin ba ƙarya ba ne. Kin san zufar da ke taruwa a murfin tukunya in kina dafa ruwa? To, ita injin ke tarawa ɗigo-ɗigo. Ruwan da ke fitowa ba ƙwayar cuta, ba gishiri, ba dalma. Sai dai ki tambayi maigida da wace wuta zai kunna shi. Ƙaramin injin da ake sayarwa don gida yakan ɗauki awa huɗu zuwa shida kafin ya ba da lita huɗu, yana kuma shan wuta wajen yunit uku. Mayar da ruwa tururi yana cin makamashi kusan ninki bakwai na kai shi ga tafasa. Ku shida ne a gida, ga baƙi, ga zafin bazara. Lita huɗu ko walaha ba za ta kai ku ba. In kuma janareta za a tayar masa, kuɗin mai na wata guda ya isa ya sa maigida ya rufe shi da tsumma ya tura ƙarƙashin gado. Ruwan kansa lami ne, yara ba sa son sa. Wannan inji na ɗakin gwaje-gwaje ne da masu ƙara wa batirin sola ruwa. A gidanki asarar kuɗi ne.

Yanzu ga abin da ke damun ruwanki. Yawanci daga matatar ruwa da tsabtarsa yake fitowa, warin maganin da kike ji ma kulorin ne, kuma jin sa alama ce mai daɗi, don yana nufin mai gadin ruwan bai mutu a hanya ba. Ɓarnar a hanya take faruwa. Bututan tsofaffi ne, wasu sun fashe, da yawa kuma ta cikin kwata aka bi da su, ki leƙa lungunku za ki gani. Muddin bututu na cike da ruwa, waje ruwan yake tsartuwa. Ranar da aka ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kwance a kwatar. In an dawo da ruwa, wannan kayan ne ke fara isowa bokitinki tare da tsatsa da laka. Saboda haka ruwan farko na ban-ruwan shuka ne da wanke tsakar gida. Ki bari ya zuba har ya washe kafin ki tari na sha.

Wanda kika tara ɗin, in da sauran duhu, ki bar shi ya kwanta, ko ki sa ɗan alimun, ko dakakkiyar ƙwayar zogale, wadda matan Sudan suka daɗe suna kwantar da lakar ruwan Nilu da ita. Ki tsiyaye na sama ta tsumma mai tsabta. Amma kada hasken ruwan ya ruɗe ki, alimun laka yake kwantarwa, bai isa ya raba ki da kwalara ko taifot ba. Sai kin bi da ɗaya cikin biyu. Ko ki tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti guda, ko ki sa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jiki, ki rufe, ki jira rabin awa. Na auta kuwa tafasasshe kawai, da shi za ki dama masa koko, da shi za ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari in gudawar ta dawo, kuma ki kai shi asibiti, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe.

Saura wurin da ba a son a taɓa, wato randa. Ni kaina na yi shekaru ina tafasa ruwa ina juyewa a randa, ina jin na gama da duniya, ashe moɗar da ke kan murfi ita ce ke warware mini aikin. Yaro ya dawo daga wasan ƙasa ya zurma hannu har wuyan hannu, wani ya sha ya mayar da ragowar, moɗar ta faɗi ƙasa a ɗauka a goge da zane. Ki sami bokiti mai murfi da kan famfo a gindi, ko jarka mai ƙaramin baki wadda hannu ba ya shiga. In ran maigida na randa ne saboda sanyi, ba laifi, amma a yi mata ludayi mai dogon hannu wanda ba a kafa masa baki, a rataye shi, a kuma wanke randar duk mako. Tankin sama ma, yaushe rabon da a leƙa cikinsa?

Surukarki kuwa kada ki yi jayayya da ita, uwa ce. Amma tsakanina da ke, waɗanda suka sha ruwan tafki suka tsufa su ne suka rage suna ba da labari. Ki tambaye ta a hankali, cikin hira, yara nawa aka binne a garinsu duk damina, mutum nawa kurkunu ya kwantar lokacin noma. A 1988 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya. Cikin abin da ya kore shi akwai tsumman tace ruwa da rijiyoyin burtsatse da wayar da kai, aikin da Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suka sa wa hannu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da shi. Kwalara ita ba ta tafi ba: a 2021 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe sama da 3,500, mafi yawansu a jihohin Arewa.

In maigida ya ga dole sai ya sayi wani abu hankalinsa zai kwanta, ya sayi matatar nan mai hawa biyu mai kyandir na tangaran a ciki. Ba ta cin wuta, tana tare laka da mafi yawan ƙwayoyin cuta, sharaɗinta a riƙa goge kyandir ɗin da ruwa mai tsabta ba sabulu, a canja shi da zarar ya tsage. Canjin ya kai makaranta.

*

Goggo, ina yi miki fatan alheri. Mu ruwan burtsatse muke sha, garau yake kamar hawaye, ba wari ba ɗanɗano. Amma yarana biyu haƙoransu na girma sun fito da dabbare-dabbare ruwan ƙasa, na maƙwabta ma haka. Matata tana tafasa ruwan kullum, abin bai canja ba.
Wani magidanci daga jihar Maraɗi

Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Tunda abin ya haɗa da yaran maƙwabta, zargina ya fi karkata ga sinadarin fuloraid, wanda ruwa ke kwasowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan ɗinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. In ya haura miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, sai ya fara ɓata haƙoran yara tun suna cikin dasashi, in ya yi yawa ƙwarai ya shiga ƙashi. Kai ba baƙon labarin Tibiri ba ne, inda ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a 1985 ya nakasa ɗimbin yara, wasu ƙafafunsu suka lanƙwashe, kafin a gano daga ruwan ne.

Ka gaya wa maiɗakinka ta huta da ɓarnar itace a kan wannan matsala. Tafasawa ƙwayar cuta take kashewa, fuloraid kuwa yana nan daram, har ma ya ɗan ƙaru tunda ruwa ya ragu shi bai ragu ba. Haka dalma take, haka gishiri. Kulorin ba ya taɓa shi, kyandir da matatar gawayi ma wucewa yake yi abinsa.

A irin gidanka ne maganar inji take da ma'ana, ko na tururin ko wanda ake kira RO, mai tura ruwa da ƙarfi ta wata fata mai matsattsun ƙofofi, ko da yake shi ma yana son wuta, kuma ruwan da yake zubarwa yakan fi wanda yake tacewa yawa. Amma kada ka sayi komai a kan zargin Goggo. Ku haɗa kai da maƙwabta, ku ɗebi ruwan a gora mai tsabta ku kai ofishin kula da ruwa na jiha ko ɗakin gwaji na jami'a, ku ce musamman a auna fuloraid. In an tabbatar, samo wa unguwa wata majiyar ruwan sha ya fi kowa ya sayi injinsa sauƙi, wannan kuma a bar shi ga wanki da wanka. Kafin sakamako ya fito, ƙananan da ba su kai shekara takwas ba a nemo musu na sha daga wani wuri. Tabon da ya riga ya hau ba ya fita da asuwaki, sai likitan haƙori, amma ƙannensu ana iya tsare su.

*

Mai tambaya a kan fiya wata daga Gusau: ki duba lambar NAFDAC, amma ki sani lamba ana buga ta a leda ko da ruwan bai cancanta ba. Ki tsaya ga kamfanin da kika san inda yake, ki guji wadda ta daɗe a rana, ki kuma wanke bayan ledar kafin ki sa mata haƙori, don hannu nawa ta bi kafin naki. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.