Alamun da Mai Neman Hidimar Matasa Zai Lura da Su

Karatu: Farawa 31:36-42, Luka 14:28-30

Yakubu ya yi wa Laban barantaka shekara 20, a cikinsu Laban ya sauya masa lada har sau 10. Laban ɗan'uwan mahaifiyarsa ne, duk da haka zumunci bai hana cuta ba. Wannan darasi ne ga duk wanda ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki yana neman ikkilisiyar da zai yi hidimar matasa. Zafin kira bai hana bincike ba, gama Ubangiji Yesu ya koyar cewa mai niyyar gini yakan fara zama ya yi lissafi.

Alama ta farko ita ce ɓoye sharuɗɗan aiki. Idan an tambayi albashi, masauki, ranar hutu da wanda za a riƙa kai wa rahoto, aka amsa da "Allah zai biya" kawai, sai a yi hattara. Talaucin ikkilisiya ba laifi ba ne, ikkilisiyar ƙauye tana iya faɗin ɗan abin da za ta iya. Laifin shi ne ƙin faɗa da ƙin rubutawa. Ma'aikaci ya cancanci ladansa (1 Timoti 5:18).

Ta biyu, yawan sauya ma'aikata. In mutum 3 sun riƙe aikin cikin shekara 4, kuma kowannensu aka ɗora masa laifi, wataƙila cutar tana gida ne. Ya kamata mai nema ya gana da wanda ya bar aikin. Bulus ya ɗauki Timoti ne bayan 'yan'uwa na Listira da Ikoniya sun yi masa kyakkyawar shaida (Ayyukan Manzanni 16:2). Haka ita ma ikkilisiya tana da shaidar da za a bincika.

Ta uku, taruwar iko a hannun mutum ɗaya. Inda dattawa ba su da ta cewa, ma'aji ba ya karanta rahoton kuɗi, kuma baikon matasa ba a san inda yake shiga ba, halin Diyotarifis mai son shugabanci ya samu wurin zama (3 Yahaya 9-10). Ranar da saɓani ya taso, ma'aikacin ba shi da wurin kai kuka.

Ta huɗu, rashin ƙa'idar tsare yara. Wa ke raka 'yan mata zuwa taron kwana? An yarda ma'aikaci ya keɓe da yaro ko yarinya a ɗaki? Ikkilisiyar da ba ta da amsa ta bar yara cikin haɗari, ta kuma bar sunan ma'aikacinta a bakin jama'a.

Ta biyar, neman kuɗi ko gaggawa. Wanda ya ce a ba da wani abu kafin a sami aikin, ko a amsa yau-yau ba tare da shawara ba, ya manta yadda Bitrus ya tsawata wa Saminu da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8:18-20).

Iyaye da abokin aure suna da rabo a nan, domin su ma za su ɗauki nauyin zaɓin. Yawan mashawarta yakan sa shiri ya yi nasara (Karin Magana 15:22). Alama ɗaya tana bukatar ƙarin tambaya cikin ladabi. In sun taru, gwamma a jira cikin addu'a.

Don tattaunawa a iyali: Me ya bambanta sadaukarwa saboda Almasihu da yarda a ci gumin mutum?